Rumfar Da Baba Ya Kafa

Shafi na 19

Ku yi haƙuri da shirun kwana biyun nan, yarinyata ce ba lafiya, amma ta warware. Masu zagin Auta a sharhi, ku tanadi zaginku, don yau ne za ku fi buƙatarsa. Bismillah.

*

Ƙwan! Ƙwan! Ƙwan!

Ƙarar gudumar nan ta hana Auta sakat. Tana kicin tana jera kofuna a faranti, amma kunnenta na bayan gida, inda mahaifinta ke kafa mata rumfar shan iska a tsakiyar lambu.

Ita ta so rumfar. Ta ga irinta a gidan maƙota ta dawo tana mita, mijinta ya ce ba yanzu ba, ya kuma yi tafiyar aiki. Baba ne ya ji, ya ce, “Wannan ce damuwar? Ni zan yi miki.” Sana'arsa ke nan tun tana goye, yawo da amalanke yana sayen tsofaffin ƙarafa da katakon da mutane suka yar. Kullum da safe zai turo kaya ta ƙofar baya, ya yi aikinsa, yamma ta yi ya tafi.

Yau kuwa gidanta ne da taron matan unguwa. Tun da safe ta ce masa ya tashi da wuri. Ba ta ce “kada su gan ka” ba, amma ta san ya gane.

Ta ajiye farantin ta fita da sauri.

Yana saman tsani, ƙusoshi a baki. Rigarsa duk tabon fenti da tsatsa, silifas ɗinsa ɗaya an ɗaure shi da waya.

“Baba, ba ka tashi ba?”

Ya zare ƙusoshin daga bakinsa.

“Fallen kwano biyu suka rage, Uwata.” Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. “In na bar shi a buɗe, iska za ta ɗaye wanda na buga.”

“Gobe ma rana ce.”

“Yanzun nan zan gama.”

“Baba, don Allah...”

Ba ta rufe baki ba aka danna ƙararrawa.

Ta dubi amalanken da ke jingine da katanga, ta dubi Baba, ta juya ta shige ciki.

Su shida ne, ƙamshin turarensu ya riga su shigowa. A gaba Hajiya Mai Gwal ce, wadda in ta ɗaga hannu sai awarwaro sun yi kuka. Bayanta Matar Lauya, mai idon da ba ya barin komai ya wuce. Auta ta zaunar da su a falo, ta ƙara muryar talabijin, ta saki labulen tagar baya.

Ƙwan! Ƙwan!

“Ke,” in ji Matar Lauya, “ƙarar me nake ji? Ko rumfar nan ce da kika cika mu da labarinta?”

“Ba a gama ba ai. Duk ƙura ce wajen.”

“Mu dai gani.”

“Ku bari sai wani zuwan.”

“Rowar ido za ki yi mana?” Hajiya ta riga ta miƙe. “Tashi mu je, ni zaman falo ya ishe ni.”

Ba yadda ta iya. Ta shige gaba.

Suna fita suka yi cirko-cirko.

Gaskiya rumfar ta yi kyau, ko maƙiyi ba zai musa ba. Ginshiƙanta tsofaffin bututun ruwa ne, an kankare tsatsar an shafe su da koren fenti. Kewayenta kawunan gadajen ƙarfe ne masu zanen fure. Kujerun tayoyin mota ne da aka naɗe da igiya, teburin kuwa katon katakon nan ne da ake naɗe wayar lantarki a jikinsa. Gefe guda Baba ya jera gindin kwalabe a cikin siminti, kore da ruwan ƙasa, rana na ratsa su tana zuba launi a daɓe. Bangon baya tsofaffin ƙyaure ne aka haɗa.

“Kai! Kai! Kai!” in ji Hajiya. “Wannan ai ta fi tawa.”

“Irin wannan ake yayi yanzu,” wata ta ce tana ɗaukar hoto. “Tsohon kaya a mayar da shi sabo. Manyan otal ma haka suke yi.”

Kan Auta ya ɗan fasu.

“Ni na zaɓi launin,” ta ce.

“Wa ya yi miki aikin?” Matar Lauya ta tambaya, tana kallon ƙafafun da ke saman tsani.

Tambaya ce mai sauƙi, amsarta ma kalma ɗaya ce. Sai dai tun tarewarta a unguwar ta gaya musu mahaifinta babban dillalin ƙarafa ne, mai manyan motoci, ba ya zama gari. Ƙarya kuwa in ta yi fure, sai an yi ta ba ta ruwa.

“Wani mai aiki ne,” ta ji bakinta ya faɗa. “Maigidan ne ya samo shi.”

Gudumar ta tsaya.

Tsayawar numfashi ɗaya. Sannan ta ci gaba.

Ƙwan. Ƙwan.

“Kai, tsoho!” Hajiya ta ɗaga murya. “Sauko mana, ana magana kana buga mana ƙarfe a ka.”

Baba ya sauko a hankali, yana dafa gwiwa. Ya goge hannu a riga, ya rusuna.

“Barkanku da yamma, ranku ya daɗe.”

“Yauwa. Hannunka na da kyau. In ka gama nan ka zo gidana, mai jan get ɗin can. Amma ka yi wanka kafin ka zo, ka ji? Kuma wannan amalanken naka a waje za ka bar shi.”

“To, ranki ya daɗe.”

“Ɗauko mana kujeru daga ciki, nan za mu zauna.”

Ya nufi ƙofar kicin. Auta na tsaye tana kallon mahaifinta yana jido kujerun roba bibbiyu, yana goge kowacce da gefen rigarsa kafin ya ajiye.

Hajiya ta matso kusa da ita, ta rage murya, irin ragewar da kowa ke ji.

“Ki riƙa sa ido fa. Masu yawon bola ɗin nan hannunsu ba ya zama wuri ɗaya. Kina barinsa yana shiga miki kicin haka?”

Matan suka yi dariya.

Ita ma Auta ta yi. 'Yar ƙarama ce, iyakarta leɓe, amma ta yi. Kuma daidai lokacin Baba ya ɗago kai.

Ya ajiye kujerar ƙarshe.

Sai ga ƙarar ƙofar gida, sai ga gudu. Mami ce, 'yarta, ta dawo daga makaranta, jaka na rawa a bayanta. Ba ta ko kalli baƙin ba.

“Kakana!”

Ta ruga ta rungume ƙafafunsa.

Matan suka dubi juna.

“Kakanta?” in ji Matar Lauya. Ta dubi Baba daga hula har silifas, ta juyo ga Auta. “Ba kin ce mahaifinki...”

Auta ta kawar da kai.

Baba ne ya yi dariya.

“Ranki ya daɗe, yaran yanzu ai duk mai furfura kaka ne a wurinsu. Ta saba ganina ne kullum.”

Ya sunkuya ya ɓamɓare hannuwan yarinyar daga jikinsa, ɗaya bayan ɗaya.

“Je ki wajen mamanki, 'yan mata. Za ki ɓata kayan makaranta.”

Mami ta ɗaga kai tana kallonsa.

“Kaka, ni ce fa. Amaryarka.”

“Ka ji ta!” Hajiya ta tafa hannu, awarwaro suka amsa. “Tsoho ka yi sa'a, ka samu mata a gidan masu kuɗi.”

Aka sake kwashewa da dariya. Mami ta tsaya tana kallon kakanta, tana kallon uwarta. Sai ta juya ta shige ciki da gudu.

Abin da aka tattauna a taron nan, ko za a yanka Auta ba za ta iya faɗa ba. Ta zuba lemo, ta yanka kek, ta ce “haka ne” a inda ake so a ce haka ne. A samansu Baba ya daina buga guduma don kada ya dame su. Da hannu yake murɗa waya yana ɗaure fallen ƙarshe, a hankali, kamar ɓarawo.

Matar Lauya ce ƙarshen fita. A bakin ƙofa ta tsaya tana gyara mayafi.

“Yarinyar nan taki,” ta ce, “hancinta sak na tsohon nan. Ikon Allah.”

Ta yi murmushi ta wuce.

*

Auta ta same shi yana tattara kayan aiki. Zarto, guduma, gwangwanin ƙusoshi, yana jera su a amalanke kamar kowace yamma.

“Baba.”

“Na gama, Uwata. Ko ruwan ƙanƙara aka yi ba zai zuba ba.”

“Baba, ka tsaya.”

“Fentin teburin bai gama bushewa ba, kada ki bar yarinya ta hau.”

Ta zube a gabansa, gwiwa biyu a ƙasa.

“Ka yafe mini.”

“A'a, tashi. Kayanki masu tsada ne.”

“Ka zage ni, Baba. Ka mare ni. Wallahi ya fi mini wannan shirun.”

“Me kika yi?”

“Ka ji abin da na ce.”

“Kin ce mai aiki ne. To ƙarya kika yi? Ba aiki nake ba?”

Kuka ya ƙwace mata.

“Hajiya ta ce maka ɓarawo, ina tsaye. Na yi dariya.”

Ya daɗe yana naɗe igiya a hannunsa kafin ya yi magana.

“Uwata, shekarun da na yi ina tura wannan abin, babu sunan da ba a kira ni da shi ba. Mahaukaci, ɓarawo, mai wari. An sakar mini kare. Ban taɓa kai zagin gida ba, a bakin ƙofa nake karkaɗe shi in shiga. Da amalanken nan na sa ki makaranta don ki zauna da irin waɗannan matan, ki yi magana su saurara. To ga shi kin zauna. In na ce zan yi fushi, da wa zan yi? Ni na tura ki can.”

“Ba haka ka tura ni ba.”

“Tun ranar da kika ce in riƙa shigowa ta ƙofar baya na gane. Ban ji haushi ba.”

Ta sunkuyar da kai. Ita a zatonta ta yi dabara ranar, da ta ce saboda amalanke ne.

“Abu ɗaya ne ya tsaya mini a nan.” Ya dafa ƙirji. “Yarinyar nan. Na kalli idonta na ce ban san ta ba. Ban taɓa yi wa yaro ƙarya ba, sai yau, da furfurata.”

Ya yi gyaran murya, ya kama hannun amalanke.

“Bari in kai ka gida a mota.”

“Motar za ta ɗauki amalanke?”

“Ka bar shi a nan. Ka kwana ma a nan, Baba, ga ɗaki.”

“A'a.” Da sauri ya faɗa. “Ina da wajen zuwa.”

“To ka bi ta ƙofar gaba.”

Ya yi murmushi, irin wanda ya fi kuka ciwo.

“Maƙotanki ba su gama shiga gida ba tukuna.”

Ya tura ya fita ta baya. Tana jin kukan tayar amalanken har ya ɓace.

Ta daɗe a durƙushe. Da ta ɗago, Mami na tsaye a ƙofar kicin, ko kayan makaranta ba ta cire ba.

“Mama.”

“Na'am.”

“Kaka ba kakana ba ne?”

“Kakanki ne.”

“To me ya sa ya ce ba shi ba ne?”

“Wasa yake miki.”

“Ke ma wasa kike, da kika yi shiru?”

Auta ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta ce wa mai aikin gida ta kai yarinyar ta yi mata wanka, ita kuma ta ja jiki ta shiga rumfar ta zauna a ƙasa, ta jingina da bangon baya.

Tunda aka fara aikin nan ba ta taɓa zama a ciki ba. Daga taga take leƙowa ta ce a ƙara fenti nan, a rufe tsatsa can, kada a gane tsofaffin kaya ne.

Hannunta ya sauka a gindin ƙyauren da ta jingina da shi. Ta ji wani abu a ƙarƙashin fentin, kamar faci. Ta shafa. Gwangwani ne aka buɗe aka daddale, aka buga da ƙananan ƙusoshi a kusurwa. Ɗaya daga cikin ƙusoshin a lanƙwashe take.

Ta janye hannu kamar ta taɓa wuta.

Ta san wannan facin.

Ɓera ne ya cinye kusurwar ƙofar ɗakinsu tana ƙarama. Marigayiya Inna ta yanka gwangwanin madara, ta ce mata, “Riƙe mini ƙusa.” Ita ta nace sai ta buga ɗaya da kanta, ta lanƙwasa ta, Inna ta yi ta dariya ta ce a bar ta haka.

Ƙyauren ɗakin Inna ne.

Ta miƙe zumbur. Ta dubi na kusa da shi, mai sakata a sama. Na ɗakin Baba. Ta dubi kan gadon ƙarfen da ke hannun dama, mai furen da ya karye gefe guda. A kansa Inna ta yi jinyarta ta ƙarshe. Ta ɗaga kai ta kalli kwanon rufin, ga tsofaffin hujojin ƙusa an toshe su da kwalta, layi-layi.

“Innalillahi...”

In ƙofofin gidansu suna nan, me ke rufe gidan?

Ta kira wayarsa. A kashe. Ta sake kira. A kashe.

Ta fizgi makullin mota.

*

Rabonta da tsohuwar unguwarsu tun rasuwar Inna. Kullum da dalili: hanya ba kyau, yarinya na mura, sai wani satin. In ta tambayi Baba ya gida, sai ya ce gida lafiya, ita kuma ba ta ƙara tambaya.

Tun daga kwanar shiga ta rikice. Layin ya yi faɗi, ya yi haske. Shagon mai aski babu, famfon bakin hanya babu. Jan ƙasa ce shimfiɗe, da sawun manyan motoci.

Ta tsaya a inda gidansu yake.

Rabin bango ne kawai a tsaye, da jan fenti an yi masa gicciye. Babu rufi, babu ƙofa, babu taga. Daga cikin mota tana hango daɓen ɗakin da aka haife ta, akuya na kwance a kai.

Ta fito daga motar.

“Wa nake gani kamar Auta?”

Gwaggo Mai Ɗinki ce, maƙociyarsu, aminiyar Inna. Gidanta na baya, rusau bai kai gare shi ba. Ta taho tana ɗingishi, ta rungume ta.

“'Yar albarka! 'Yar halak! Ai kullum sai na sa miki albarka, Allah ne shaida.”

“Gwaggo... gidan...”

“Ke dai bari. Masu faɗaɗa titi ne. Tunda suka shafa jan fentin nan babanki ya ce ba zai tsaya mota ta taka ƙofar matarsa ba. Da hannunsa ya ɓalle komai, falle-falle, ƙusa-ƙusa. Muna ce masa ya sayar, ya ce a'a, gidan Uwata zai kai, can za su zauna.”

Auta ta dafa bangon.

“Tun yaushe?”

“Ai an kwana biyu, tun kafin saukar ruwan fari. Ke da kika ɗauke shi kike tambayata?” Gwaggo ta yi dariya. “Ranar da zai tafi har nan ya zo ya yi mana sallama. Ya ce kin hana shi kama haya, kin ce in dai kina numfashi ba zai kwana a wani wuri ba sai gidanki. Ya ce ɗaki guda kika ware masa, mai banɗaki a ciki, har da fanka. Ya ce mijinki da kansa yake zuba masa ruwan wanka.”

“Haka ya ce?”

“Wallahi har kuka na yi. Na tara 'ya'yana na ce ku ga abin da ake kira haihuwa. Yanzu duk layin nan in yaro ya yi wa uwarsa rashin kunya, da ke ake masa misali.”

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

“Ya ƙafar tasa? Yana shan maganin kuwa? Don na san halinsa, sai an tsaya a kansa. Da dare fa take tasar masa, in sanyi ya sauka. Ki riƙa ba shi bargo biyu.”

Auta ta juya fuska ga bango.

“Auta?”

Gwaggo ta ja baya kaɗan, ta leƙa fuskarta. Dariyar ta gushe a hankali. Ta dubi motar, ba kowa a ciki. Ta dubi hannun Auta da ke dafe da bango.

Ta kama ta da hannu biyu.

“Ke, dube ni nan. Ba a gidanki yake kwana ba?”